"Ciwon haƙori" da "ciwon haure": ma'ana da yadda ake amfani da su

Hausa ba ta da kalma guda ta musamman ga wannan lalura. Sunaye biyu ake haɗawa da mahaɗin -n, wato "ciwo" da "haƙori", kamar yadda ake cewa ciwon kai ko ciwon ido. Sai dai ma'anar "ciwo" tana da faɗi: takan nufi zafin da ake ji, takan nufi cutar kanta, takan kuma nufi rauni, kamar a "ya faɗi ya ji ciwo". Saboda haka mai cewa "ina ciwon haƙori" bai bayyana ko kogo ne ya ci turminsa ba, ko kuwa dasashi ne ya kumbura. In an matsa masa da tambaya sai ya ƙara da "zogi" ko "raɗaɗi".

Wahalar mai tsara littafin yaƙi da jahilci tana ga kalma ta biyu. A Adar da Sakkwato "haure" ake cewa, alhali a Kano haure na giwa ne, na mutum kuwa haƙori. Ba kalmomi biyu ba ne masu asali dabam. Tsohuwar siffar tilo ita ce *haƙre. Baƙin ƙ da ya zo ƙarshen gaɓa ya rikiɗe ya zama u, bisa ƙa'idar da August Klingenheben ya bayyana, wadda ita ce ta ba da "talauci" daga "talaka". A jam'i, "haƙora", wasali ya biyo bayan ƙ ɗin, shi ya sa ya tsira. Daga wannan jam'i ne aka sake ƙero tilo "haƙori". Ke nan siffar yamma ita ce ta gado, ko da yake wasu malamai sukan ja mata jan layi a takardun ɗalibai kamar kuskure.

Ga takardun kiwon lafiya, "ciwon haƙori" ya fi dacewa da kan magana, tun da jam'in "haƙora" sananne ne ko'ina. Amma inda manya masu koyon karatu suke cewa "haure", a kawo shi a jimlar farko, don kada mai karatu ya tsaya kan kalma ya rasa saƙon. A kula kuma da lanƙwasar ƙ wajen bugawa, gama inda keken rubutu bai da ita "hakori" yake fitowa, sabon mai karatu kuwa abin da ya gani shi yake furtawa.