Sabar ɗinka na yawan mutuwa? Kashewa da kunnawa ba magani ba ne

A makarantu da asibitoci masu zaman kansu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, akan samu wata kwamfuta guda a ƙuryar ɗaki wadda duk sauran suka dogara da ita. Ita ce sabar. Da yawa daga cikin irin waɗannan sabar Linux aka ɗora musu, tsarin da Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, wanda kowa ke iya ɗauka kyauta har ya leƙa cikinsa. An san shi da juriya, sabar kan yi watanni ba a kashe ta ba. Saboda haka in taka tana mutuwa duk mako, akwai dalili, kuma galibi ta riga ta rubuta shi da kanta.

Abin da aka saba shi ne a danna maɓalli, ta tashi, a ce "ta dawo", kowa ya koma kujerarsa. In abin ya yi yawa sai wani ya ce a goge komai a sake zubawa. Wannan ce shawara mafi muni, domin da ita ake share shaidar.

Maimakon haka, da zarar sabar ta tashi, a rubuta journalctl -b -1. Zai nuna rahoton abin da ya faru kafin ta faɗi, layukan ƙarshe su ne abin dubawa. In bai nuna komai ba, wataƙila ba a ajiye rahoton ne, sai a ƙirƙiri /var/log/journal domin gaba.

Layin da aka fi cin karo da shi shi ne "Out of memory: Killed process". Ma'anarsa RAM ta cika maƙil, sai Linux ya yi abin da kwandasta ke yi in lodi ya fi ƙarfin mota: ya sauke wanda ya fi cin wuri. Matsalar ita ce wanda ya fi cin wurin sau da yawa shi ne rumbun bayanai, irin su MySQL. Sai ma'aikata su ga komai ya tsaya su ce sabar ta mutu, alhali tana raye, manhaja ɗaya aka kashe. A duba free -h, a ƙara RAM ko a rage wa manhajar abin da take kwasa. In kuwa wata manhaja ce ke ci tana ƙara ci ba ta saki, ƙarin RAM jinkirta faɗuwar kawai zai yi.

Cikar faifan ajiya ma tana tsayar da aiki, df -h zai nuna in ya kai 100%.

Idan rahoton ya yanke kwatsam babu ko kalmar koke, a daina zargin manhaja. A nan ƙasarmu wuta ce ta farko: ɗaukewa, sauyawa zuwa janareta, da UPS ɗin da batirinsa ya daɗe da mutuwa ba wanda ya gwada. Sai ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita haka, injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. A buɗe a hure ƙurar. A bar Memtest86+ ya kwana yana gwada RAM, a duba lafiyar faifai da smartctl. In allo ya nuna "Kernel panic", a ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa maɓalli.

Masu riƙe da nau'in Linux mai suna CentOS 7 kuma su sani an daina yi masa gyara tun 30 ga Yunin 2024.

Kai mai ofis, ba sai ka iya waɗannan umarnai ba. Amma duk ranar da injiniya ya ce maka ya gyara, ka ce ya nuna maka layin da ya bayyana dalilin. Kuma kada ka yarda a taɓa faifan sai an kwafe bayananku zuwa wani wuri daban, an buɗe kwafin a gabanka.