Toyota a Hayin Banki: Daga Masaƙa Zuwa Tashar Kawo

Idan kana zaune a Hayin Banki, ko kana da 'yan'uwa a can, gwada wannan gobe da safe. Ka fito bakin titi wajen ƙarfe bakwai, lokacin da ake rige-rigen kai yara makaranta, ka tsaya ka ƙirga motocin da za su wuce ka kafin mai shayi ya gama haɗa maka. Ka lura da nawa ne ke ɗauke da tambarin nan mai zobe uku a goshi. Daga nan ka taka zuwa tashar Kawo, inda ake lodin Zariya da Kano da Katsina. Za ka ga Golf da Sharon, gaskiya ne, amma bas ɗin da ake kira Homa Toyota ce, Sienna Toyota ce, haka ma Hilux ɗin jami'an tsaro da ke fake a gindin gada.

Abin mamaki, a Kaduna ake wannan. Garin Peugeot, wato Fijo. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, can tsallaken kogi, kuma duk wanda ya yi wayo a wancan zamani ya san 504 ita ce motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar kai amarya. Babanka ko kawunka, in ya yi aikin gwamnati, wataƙila da bashin mota ya fito da tasa sabuwa fil, kujeru da leda. Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Mutane suka koma kan gwanjon Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A wannan kasuwar, inda mota ke zuwa hannunka bayan wani ya more ta shekara goma, ba a tambayar wadda ta fi kyau. Wadda ta fi juriya ake nema, kuma nan Toyota ta ci kasuwa.

Ka san kuwa da zare aka fara? Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana saƙa da hannu. Rayuwarsa duka a kan gyara injin saƙa ta ƙare. A 1924 ya kammala wani inji mai sarrafa kansa, wanda ke da wata ɗabi'a guda: da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai ya tsaya cak. Ba zai ci gaba da saƙa yadi mai aibi ba. Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙun Kakuri, ko KTL ko UNTL ko Arewa, wadda ita ma da haɗin gwiwar kamfanonin saƙa na Japan aka kafa ta a shekarun 1960, zai gaya maka irin asarar da zare guda ke jawowa idan ba a lura ba. A 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam dubu ɗari.

Ɗansa Kiichiro ne ya juya akalar gidan. Ya zaga Turai da Amurka, ya dawo da mota a ransa, ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin saƙar a 1933. Motar ɗaukar kaya ta fito a 1935, ta shiga mai suna AA a 1936, sannan a 1937 sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa. An sauya harafi ɗaya a sunan, Toyoda ta koma Toyota, saboda ya fi daɗin faɗa, kuma a rubutunsu da zane takwas ake rubuta shi, takwas kuwa lambar sa'a ce a wurinsu.

Kada ka ɗauka tafiyar ta zo da sauƙi. A 1950, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Japan a durƙushe, kamfanin ya kusa rufewa. Bankuna suka ce sai an rage ma'aikata, ma'aikata suka shiga yajin aiki na kusan wata biyu, kimanin mutum dubu biyu suka rasa aikinsu. Kiichiro ya ajiye muƙaminsa ya bi su, ya rasu a 1952. Abin da ya ceci kamfanin shi ne yaƙin Koriya, da sojojin Amurka suka yi odar motocin ɗaukar kaya masu yawa. Ko da suka fara kai motarsu Crown kasuwar Amurka a 1958, kunya suka sha, domin ba ta da ƙarfin jure gudun manyan titunan can, dole suka janye ta suka koma gida suka sake shiri.

A cikin wannan talauci ne wani injiniya, Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren zare ya fito, ya ɗauko ɗabi'ar injin Sakichi ya kai ta masana'antar mota. Aka rataya igiya a kan layin harhaɗawa. Kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, in ya ga kusa ba ta zauna daidai ba, yana da ikon jan igiyar, in ta kama a tsayar da layin har sai an gano dalili. A ganina, wannan igiyar ita ce asalin abin da direban tasha ke yabo idan ya ce motarsa ba ta ba shi ciwon kai. Land Cruiser ta samu sunanta a 1954, Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968, Camry a 1982. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan hamsin. Maƙwabtanmu na Chadi ma sun ba da tasu shaidar: faɗan da suka gwabza da Libiya a 1987, suna kan Hilux da Land Cruiser suna fuskantar tankoki a cikin hamada, har yau Yaƙin Toyota ake kiransa.

Mu kuma namu yabon da suna muke yinsa. Camry ta ƙarshen shekarun 1990 mai siririyar fitilar baya ta zama Fensir. Ta 2002 zuwa 2006 ta zama Big Daddy. Wadda ta biyo ta, mai faɗin ƙirji, ta zama Masul. Ba a raɗa wa baƙo suna sai ya zama ɗan gida.

Zauna a majalisar bayan Isha'i a kowane layi na Hayin Banki ka ɗauko zancen mota, za ka ji labarin kusan iri ɗaya ne. Malamin makaranta mai Corolla 2005 zai ce maka shekara da shekaru ba a taɓa buɗe masa inji ba, daga juyen baƙin mai sai birki sai taya. Direban Homa zai ce yakan je Kano ya dawo, washegari ya sake, mota ba ta ce uffan ba. Uwargida mai kai yara makaranta da kanta, ita abin da ya dame ta daban ne: kada mota ta mutu mata a kan gadar Kawo da yara huɗu a baya, kada kuma naƙuda ta kama maƙwabciya da tsakar dare a murza makulli a ji shiru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai aka ƙara wani ma'auni, wato lita nawa za ta sha daga gida zuwa Kasuwar Sheikh Gumi da dawowa. Nan ƙaramar Corolla mai inji 1.8 ta ƙara daraja, manyan masu silinda shida kuwa da yawa suka koma kwana a ƙarƙashin tamfol.

Akwai kuma abin da ba kamfanin ne ya ƙera shi ba, yawa ne ya kawo shi. Saboda motar ta cika gari, babu bakaniken da bai san cikinta ba, kuma babu abin da za ka nema a Panteka ka rasa, sabo ko na gwanjo. Ranar da buƙata ta taso, kuɗin makaranta ko na asibiti ko auren 'ya, ka kai ta wurin dillalai da safe, da wuya ta daɗe ba a taya ba. Shi ya sa wasu magidanta ke ɗaukarta kamar saniyar kiwo. Sai dai wannan farin jinin da kuɗinka za ka saye shi: Corolla mai shekara ashirin takan fi wata motar da ta girme wa da shekara biyar tsada, kuma masu ita kan yi ƙorafin cewa yadda masu saye ke sonta haka ɓarayi ke sonta.

To, amma maganar nan da ake yi cewa Toyota ba ta mutuwa, ka bi ta a hankali. Shi kansa kamfanin ya sha tuntuɓe. Tsakanin 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, har shugabansa Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri, daga baya a 2014 suka biya tarar dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu. Injin 2.4 na wasu Camry na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, abin da kamfanin ya amsa har ya tsawaita garantin gyara a Amurka. Haka ma dashbod ɗin da ke narkewa ya yi danƙo a rana. Wanda ya sayi motar a can an gyara masa kyauta. Kai da ta iso hannunka ta jirgin ruwa, daga aljihunka za ka gyara.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na jakar iska, wadda ke fitowa daga sitiyari ko gaban fasinja idan an yi karo. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ne ya ƙera wa kamfanoni da dama, har da Honda da Nissan da Ford da BMW. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe a zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar wanda ya kamata ya kare. Mutane sun mutu, an janye motoci miliyoyi, Takata ya karye a 2017. A watan Janairun 2024 Toyota ya gargaɗi masu wasu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005, a Amurka cewa kada su sake tuƙa su sai an canza jakar. Yanzu ka tuna wace mota ce ta fi yawa a layinku, ka tuna zafin watan Afrilu da laimar Agusta a Kaduna, ka tuna wa ke zama a kujerar gaba. Duba wannan ba ya cin ko sisi. A ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, akwai lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17. Idan 'yar Amurka ce, ka sa ta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, zai nuna maka ko akwai gyaran da aka kira motar ba a kai ta ba. Kafin ka samu mafita, yara su koma kujerar baya, can ne wurinsu tun asali.

Sauran laifin namu ne. Mota na shigowa, abu na farko da wasu garejin ke yi shi ne cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Alhali injin an ƙera shi ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, in ya kasa kaiwa sai ya ƙara shan fetur ya riƙa cin kansa a hankali. Ana ɗura ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, tsatsa ta cinye shi ta ciki. Littafin motar ya ce baƙin mai 5W-30 ko 5W-20, a zuba mai kauri na durom domin ya fi araha. Man giya kuwa kowanne aka samu, alhali giyar otomatik ba ta yafe wannan. Fitilar gargaɗin inji ta kama, maimakon a sa na'ura a ji abin da take faɗa, sai a manna mata baƙin salatif ko a cire ƙwan. Motar da aka gina a kan a tsaya in zare ya tsinke, mu mun tsinke igiyar muna ta gudu. Da yake tana da haƙuri, sai ta ɗauki shekara biyu ko uku tana jurewa, ran da ta gaji kuma a tsakanin Jaji da Zariya za ta faɗa maka, da iyali a ciki.

Idan kai ne ke shirin saye, ko ke ce kika tara kuɗin adashi kika ce a nemo miki, kada a je da yamma, kada a je da gaggawa. A tafi da bakanike naka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A tarar da injin da sanyinsa, a tayar a gabanka, ka tsaya a baya ka ga kalar hayaƙin. Shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ne. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujera, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka ana wanke su a turo mana, kyan ɗan maciji. Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke kan mita, ana mayar da ita baya. Tsufan sitiyari da robar birki sun fi ta gaskiya. Ka murza makulli ka tabbata fitilar jakar iska da ta inji sun kama sannan sun mutu, in ba su kama ba sam, an taɓa su. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi su bar hannunka, musamman da yake a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma shingen kwastan a hanyar Kano ba ya jin cewa dillali ya rantse maka.

In an gama ciniki, ka ware wani abu daga cikin kuɗin tun kafin a fara zancen sabon fenti da baƙin gilashi. A juye baƙin mai da man giya da man birki, a wanke lagireto, a mayar da tamostat in an cire. Sannan ka duba gefen kowace taya, akwai alƙaluma huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2314, tayar nan tun 2014 take duniya, komai kyan zanenta.