Koyar da Kiɗan Zamani ga 'Yan Makaranta: Misali daga Malanville

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗalibanmu masu shirin fita koyarwa, waɗanda sukan yawan tambaya ko waƙoƙin jita da fiyano, wato irin su rok da nanaye, suna da gurbi a aji, kuma wace waƙa ce ta dace da wane yaro. Ra'ayin takardar shi ne, waƙa guda tana iya yi wa ɗan shekara shida da ɗan shekara sha shida amfani. Abin da zai sauya shi ne aikin da malami zai sa kowanne ya yi da ita.

An ɗauki Malanville a matsayin misali. Garin kasuwa ne a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, daura da garin Gaya na Nijar. Yaro a nan yana iya jin Dandanci a gida, Hausa a kasuwa, Faransanci a aji. Kunnensa kuwa ya riga ya saba da waƙoƙin Ali Jita da Nura M. Inuwa daga wayoyin manya. Ke nan malami ba daga tushe zai fara ba.

2.0 'Yan Firamare

Firamare a Benin aji shida ne, daga CI zuwa CM2. A azuzuwa biyu na farko kada a taɓa ma'ana. A tsaya ga tafi da taku da amshi: malami ya zama jagora, yara su zama 'yan amshi, a raba su gida biyu, wasu na tafi, wasu na buga benci. Wannan ya sauƙaƙa matsalar harshe, domin yaron da bai iya Hausa ba ma yana iya riƙe kiɗa.

Daga aji uku zuwa shida sai a shigo da kalmomi. A sa yara su gano gindin waƙa, su ƙirga sau nawa aka koma masa, su raba shi da ɗiyan waƙa, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara nazarin waƙar baka. Nan ne kuma ake rubutu. Yaron da ya koyi boko da Faransanci yakan rubuta "ou" a madadin "u", da "tch" a madadin "c", kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Layi huɗu na waƙar da yake so, ya rubuta da hannunsa a gyara masa, sun fi shafi guda na ƙa'idojin rubutu shiga kansa.

3.0 'Yan Sakandare

Wannan shi ne rukunin da ya fi wuya. Sun fara jin kunyar rera waƙa a gaban juna, kuma kowanne na ganin ya fi malami sanin abin da ake yayi (sau da yawa ma gaskiyarsa ce). Abin da ya dace da su shi ne kwatanci. Alal misali, a saurara musu kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sannan jitar ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar, a tambaye su abin da ya tsallako daga wancan zuwa wannan. Haka kuma a nuna musu cewa kiɗan jita ba baƙo ba ne a arewacin ƙasarsu: ƙungiyar Super Borgou ta Parakou ta yi shi a shekarun 1970, har da waƙa da Dandanci.

Tarihin Mdou Moctar, makaɗin rok na Abzinawan Nijar, ya isa darasi guda. Da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu kafin su kai Turai da Amurka. Ɗalibin da ya ji wannan zai daina ɗaukar rok a matsayin kayan Turawa kawai.

Sai dai akwai iyaye. Gidan su Mdou Moctar kansa ba su so ya yi kiɗa ba, kuma a ƙasar Hausa har yanzu da yawa na danganta kiɗa da roƙo, wasu kuma na da dalilinsu na addini. A makarantun da na gani a Turai lokacin karatuna, damuwar malamin kiɗa ita ce kayan aiki. A wurinmu yardar uba ta fi jita wuyar samu. Don haka malami ya saurari kowace waƙa shi kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ya kai ta aji, ya bar waƙoƙin soayya masu zafi da na siyasa da na zambo, ya kuma sanar da shugaban makaranta abin da zai yi. Yaron da aka hana shi rerawa daga gida kada a tilasta masa. A ba shi aikin rubuta waƙar da fitar da jigonta, a ba shi maki daidai da na sauran.