WACE WAYA TA DACE DA TALABIJIN ƊINKA?

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi aka sayar da amfanin gona, wasunmu sukan shiga birni su sayo talabijin don gida ko don ɗakin taron ƙungiya. Wanda ya bi ta Ƙofar Dukawuya a Kano zai ga eriya da faranti bisa rufin gidaje birjik. Kowane gida kuwa akwai 'yar wayar da ke haɗa dikoda da talabijin. Ƙarama ce, amma nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Wayoyin iri biyu ne.

Ta fari ita ce mai kai uku: rawaya don hoto, fari da ja don sauti. Ita ce ta analog, ana kuma ce mata AV. Aikinta kamar ruwan da ka kora a hanyar lambu ne: in ya yi nisa ƙasa ta shanye wani, laka ta gurɓata saura. Shi ya sa in wayar ta tsufa hoto yakan yi dishi-dishi. Iyakar abin da take ɗauka layi 576 ne na hoto.

Ta biyu ita ce HDMI, mai kai ɗaya shimfiɗaɗɗe, da 'yan haƙora 19 a ciki. An fito da tsarinta a 2002. Ita ce ta dijital, wato tana aika hoto da sauti tare a lissafe. Kamar ƙirgen buhu ne: goma goma ce, ko a gona ko a kasuwa. Saƙon ko dai ya isa garau, ko ya katse. Tana ɗaukar layi 720 ko 1080, har fiye.

An soma watsa shirye-shirye ta hanyar dijital a Jos a 2016, aka ƙaddamar da na Kano a 2021. Wannan bai sa a jefar da tsohuwar talabijin mai ƙeya ba. Yawancin dikoda suna da ramin waya mai kai uku, su ne ke juya saƙon ya dace da ita.

To, ga abin da za ku kiyaye:

1. Kafin ka tafi kasuwa, juya talabijin da dikoda ka dubi ramukan bayansu. Su ne za su zaɓar maka waya.

2. In duka biyu suna da ramin HDMI, ita za ka saya. In talabijin ba ta da shi, mai kai uku ta wadatar.

3. Kada ka sayi wayar da gefe ɗaya HDMI ne, ɗaya kuma kai uku. Zallar waya ba ta juya dijital ya koma analog. Sai da wani ɗan akwati mai cin wuta a tsakani.

4. Kada a ruɗe ka da baki mai ruwan zinariya. Wayar HDMI mai lafiya ta mita biyu, ko mai tsada ce ko mai sauƙi, hoto ɗaya za ta ba ka. Amma wadda ta wuce mita goma tana iya yin gardama.

5. Waya ba ta ƙara abin da tasha ba ta aiko ba. Tsohon fim yana nan a tsohonsa.

6. Sa mai shago ya gwada ta a gabanka, ka karɓi rasit, balle in kuɗin ƙungiya ne.

A kashe wuta kafin a soka waya ko a zare. Da damina kuma, in hadari ya taso, a cire wayar eriya saboda tsawa.

Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya ragu a hannunka, ka ajiye shi don taki da iri.