KARE, KARE DA ƘARE: 'YAR ƘUGIYA MAI RABA FAƊA

Yau dai mun ɗan ajiye hirar soyayya da girke-girke, za mu taɓa raha a kan wata dabba da Bahaushe ya raina, amma bakinsa ya kasa rabuwa da sunanta. Kare nake nufi.

Ku duba fa. In mutum ya samu sake yana abin da ya ga dama, sai a ce yana cin karensa babu babbaka. In faɗa ya yi zafi kowa ya ji jiki, an yi kare jini biri jini. Yaron direba karen mota ne. In kika ga saurayi ya faye zarya a ƙofar gidanku, iyayenmu sun riga sun faɗa: in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ga kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Wallahi har na kan ce da karin magana ya koma karen magana.

Wadda ta fi burge ni ita ce: tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ku maimaita ta a hankali, za ku ji ƙare da kare suna wasan 'yar ɓuya a cikinta. Kalmomi uku ne a nan masu kama da juna. Akwai kare mai haushi, akwai kare ta tsaro mai dogon wasali, kamar a ce Allah ya kare, sai kuma ƙare ta gamawa. Ga 'yar waƙar da na haɗa muku da su:

An kawo Kare gida domin ya kare,
Ya sami tuwo a kwano sai da ya ƙare,
Ya ce wai ɓarawo ne ya ci ya tsere,
Miya na bakinsa ya manta ya share,
Ai yau dai Kare ka kwana a ɗaure!

Mai zanenmu ya yi mana hotonsa a gefen shafi, ya saka masa hular maigadi da tocila, ga kwano a kife yana kallon sama kamar bai san zancen ba.

Mu da ke tsallaken Kogin Kaduna mun fi kowa shan wannan dariya. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya biyo baya a 1975, ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. Masaƙun sun durƙushe, amma jama'ar suna nan a Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, kuma da Hausa Bajju da Gbagyi da Ibo da Bayarabe ke ciniki. Da yawa ba sa bambanta k da ƙ, kuma ba laifinsu ba ne, mu ma ai haka muke yi wa harsunansu. Sai ki ji mai shago ya ce "shinkafa ya kare", kamar shinkafar ce za ta tsare mu.

To amma wasan yana da inda yake zafi. Karya macen kare ce, kuma duk mun san zagi ne mai muni ga ɗiya mace. Karya kuma ita ce ta karya kumallo. Ƙarya ita ce kishiyar gaskiya. A baki kunne yana raba su, a takarda kuwa ƙugiya kaɗai ke raba ta ukun da sauran. A ce ƙawarki ta rubuto miki "ke dai karya ce da ke" ba ƙugiya, ke kuma kina cikin fushi kika karanta a gurguje. Kafin a gano bakin zaren an yi wa juna tas, wanda ko kare ba zai ci ba.

Waɗannan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, an tsayar da su ne a Zariya a shekarun 1930, zamanin da R. M. East ke shugabantar hukumar talifi. Littattafanmu da yawa na shekarun 1990 sun fito babu su, saboda na'urar buga rubutu ba ta da su. Yanzu kuwa ana iya sa madannin Hausa a waya, uzuri ya ƙare. 'Yar makaranta, ki saba da su tun kafin ranar jarrabawa.

Sai dai wasa da sunan kare daban, wasa da kare daban. In ya ciji wani a gida, ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti ranar. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jiki da wuya a tashi, amma allurar rigakafi da wuri tana hana shi.

Duk mai baiti ko zane a kan Malam Kare ta aiko mana, za mu buga waɗanda suka fi ban dariya a fitowa ta gaba. Allah ya kare mu, kada zumuncinmu ya ƙare. Na bar ku lafiya.