Hunturu Da Shirin 'Yan Kokawa A Maraɗi

Da zarar an kai gero rumbu, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa, hankalin mutanen Maraɗi yakan koma filin kokawa. Dalili kuwa shi ne gasar Takobi ta Jumhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa cikin 1975 a zamanin mulkin Seyni Kunce. Ɗan Maraɗi ne, Yakubu Ango Kantu, ya ci takobin farko, har ma aka sa wa filin kokawar birnin sunansa.

A yanzu kowace jiha daga cikin jihohi 8 na ƙasar takan tura 'yan kokawa 10, watau mutum 80 ke nan, kuma a 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba aka fi yin gasar, kamar yadda aka yi a Agadas a 2023 da Doso a 2024. Wanda aka kayar sau ɗaya, to, ya fita daga neman takobi sai wata shekara.

Ke nan tsakanin girbi da gasa, abin da ɗan kokawa yake da shi bai fi wata biyu da 'yan kwanaki ba. A da, noma ne ke shirya shi. Har yanzu ma akwai masu ganin cewa wanda ya sha huɗa da damina, ko wanda ya yi dako a babbar kasuwar Onitsha yana cin rani, ba ya bukatar wani horo. Ƙarfi kam yana da shi, to amma ƙarfin ɗaukar buhu dabam, na ciccibar ƙato mai turjewa dabam.

Masana horar da 'yan wasa sukan kasa irin wannan lokaci kashi-kashi. Makonni shida na farko na gina jiki ne: ɗaga ƙarfe, da tsuguno da nauyi a kafaɗa, da gudu cikin rairayi, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, domin tsoka ba ta ƙaruwa sa'ad da ake wahalar da ita, sai lokacin hutu da barci, muddin ta sami nama da wake da nono. Daga nan sai a rage ƙarfe a yawaita kamu da abokan gwaji. Mako guda ko biyu kafin gasa kuwa a sassauta aiki ƙwarai. Nan ne samari suka fi yin kuskure, don gani suke hutu ragwanci ne, sai su shiga fili a gajiye.

Shi kansa hunturun yana da nasa sharaɗi. Jikin da ya kwana cikin sanyi a sandare yake tashi, saboda haka wajibi ne a yi sassarfa ta minti 10 zuwa 15 kafin a taɓa nauyi, in ba haka ba tsoka ta yage ko a yi targaɗe, kuma mummunan targaɗe a Nuwamba yana iya cinye gasar baki ɗaya. Busasshiyar iska tana shanye gumi tun mutum bai ji ƙishirwa ba, sai a riƙa shan ruwa ko ba a so. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, gudu mai nisa ba ya jawo kome sai tari da mura, gara a koma cikin rumfa a yi aikin ƙarfe.