PACTOR

PACTOR wani tsari ne na aika rubutu da bayanan kwamfuta ta rediyo mai gajeren zango. An fi saninsa a wurin matuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ke amfani da shi wajen aika imel da karɓar hasashen yanayi a tsakiyar teku, inda babu layin waya. Kamfanin SCS da ke birnin Hanau na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990. An haɗa sunan ne daga sunayen tsare-tsare biyu da suka gabace shi, wato Packet da AMTOR.

Yadda yake aiki

Rediyon VHF da ke cikin kusan kowane jirgi ba ya wuce 'yan miloli gommai daga gaɓa. Gajeren zango kuwa, wato daga megahaz 3 zuwa 30, yana cin dogon zango, domin igiyoyinsa kan daki wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, su dawo ƙasa da nisan dubban kilomita. Da irin wannan zango ne tashoshi kamar BBC da DW suka daɗe suna isar da shirye-shiryensu ga masu sauraro a Afirka.

Abubuwa uku ake buƙata a cikin jirgi: kwamfuta, da modem, da rediyon SSB kamar Icom IC-M802. Modem ɗin yana mayar da saƙo zuwa sauti, rediyo ya aika shi ga wata tasha da ke kan tudu, ita kuma tashar ta shigar da shi intanet. Ana aika saƙon guntu-guntu. Duk guntun da ya iso a lalace, sai tashar ta nemi a sake aiko shi. Idan hanya ta yi kyau modem ɗin yana ƙara sauri da kansa, idan ta gurɓace kuma ya rage.

Matakan tsarin

PACTOR 1 shi ne na farko, kuma iyakar saurinsa bit 200 ne a daƙiƙa. PACTOR 2 ya fito a tsakiyar shekarun 1990 tare da modem mai suna PTC-II, yana kaiwa bit 700 a daƙiƙa a cikin faɗin zango na haz 500 kawai. A shekarar 2002 aka fitar da PACTOR 3, wanda ke cin faɗin haz 2,400, yana aika sauti har 18 a lokaci guda, saurinsa kuma na kaiwa kusan bit 2,700. PACTOR 4 ya biyo baya a 2011 tare da modem ɗin P4dragon DR-7800, yana kaiwa kusan bit 5,500 a daƙiƙa. Matse rubutu kafin aikawa yana iya ƙara waɗannan alƙaluma kusan ninki biyu.

Misali, fayil mai nauyin kilobait 10 zai ci kusan minti bakwai a PACTOR 1, minti biyu a PACTOR 2, daƙiƙa 30 a PACTOR 3, da daƙiƙa 15 a PACTOR 4, idan hanya ta yi kyau matuƙa.

Sabunta modem

Ba kowane sabuntawa ne ke buƙatar sayen sabuwar na'ura ba. Yawancin modem na jerin PTC-II suna iya koma wa PACTOR 3 ta hanyar sabunta manhajar da ke cikinsu da sayen lambar lasisi daga SCS. PACTOR 4 kuwa sai da sabon modem, kamar DR-7800 ko ƙaraminsa DR-7400, domin tsofaffin ba za su iya ɗaukar aikinsa ba. Sababbin na'urorin suna iya magana da tsofaffi, amma a saurin tsohuwar, don haka sabuntawa ba ta da amfani idan tashar da ake kira ba ta da irin tsarin.

Dalilin sabuntawa ya wuce son sauri kawai. Rediyo yana cin wuta sosai lokacin aikawa, jirgi mai tafiya da iska kuma da batir yake dogara, wanda fitilu da firji da na'urar nuna hanya ke sha daga gare shi. Haka nan zango ɗaya jirgi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, saboda haka wanda ya daɗe a kai ya tare wa sauran hanya. Uwa uba, taswirar iska da matuƙi ke jira kafin ya yanke shawarar kauce wa guguwa tana iya yankewa a tsakiya idan hanya ta rufe kafin a gama saukewa.

Iyakar amfaninsa

Alƙaluman da ke sama na yanayi mafi kyau ne, kuma ba kullum ake samunsu a teku ba. Ayonosfiya tana canzawa tsakanin dare da rana: ƙananan zanguna kamar megahaz 4 da 8 sun fi aiki da dare, manya kamar 12 da 16 kuma da rana. Eriyar jirgi yawanci ita ce wayar ƙarfen da ke riƙe dogon sandan jirgin daga baya, kuma idan haɗinta ya yi tsatsa, ko ba a haɗa rediyon da ruwan teku yadda ya kamata ba, sabon modem ba zai gyara komai ba. Firji da na'urar cajin batir su ma suna haifar da ƙarar da ke danne saƙo mai rauni. Shi ya sa ake shawartar matuƙa su fara gyara waɗannan kafin su kashe kuɗi a kan modem.

Cibiyoyin da ke amfani da shi

SailMail ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda Stan Honey da Jim Corenman suka kafa a 1998. Mambobinta suna biyan kuɗin shekara, kuma an ƙayyade wa kowane jirgi minti 90 a mako. Corenman ne ya rubuta manhajar Airmail da ake karanta saƙonni da ita. Winlink kuwa kyauta ce, amma sai mai lasisin rediyo na 'yan sha'awa, kuma an hana saƙonnin kasuwanci a cikinta. A Amurka wata tsohuwar doka ta hana 'yan sha'awa amfani da PACTOR 4 har zuwa ƙarshen 2023, lokacin da hukumar sadarwa ta FCC ta soke ta.

Yaɗuwar sadarwa ta tauraron ɗan adam, kamar Iridium da Starlink, ta rage masu amfani da PACTOR. Duk da haka wasu matuƙa suna ajiye shi a matsayin hanya ta biyu, domin rediyon da ke ɗauke da imel shi ne kuma ake kiran sauran jiragen ruwa da shi idan an shiga haɗari.